Sun Mai Da Mijina Tela

Anti, ina gaishe ki da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, ko ma da bayani, don ni kaina ban san wanne na fi buƙata ba. Karatuna bai yi nisa ba, firamare na gama, sai ɗan abin da na tsinta daga baya. Idan kin ga maganar tana kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka take a cikin kaina.

Mijina mai gyaran agogo ne, Allah ya jiƙansa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai sayar da magani. In ya buɗe hannuwansa biyu sai ya taɓa bango da bango. Tebur ɗaya ne a ciki, da fitila, da farin ƙyalle da yake shimfiɗawa don kada ƙananan kayan su ɓace, da ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Bangon kuwa agoguna ne reras, kowanne da lokacin da yake faɗa. Nakan tsokane shi in ce ban taɓa ganin mai gyaran agogon da ba ya dawowa gida a kan lokaci ba sai shi. Sai ya ce ai ba laifinsa ba ne, agogon da ya duba ne bai gama gyarawa ba.

Bara da yamma, ana shirin rufe shaguna, wasu samari biyu a kan babur suka fizgi jakar da yake zuba agogunan mutane in zai tashi. Ya ƙi saki, don amanar jama'a ce a ciki. Suka ture shi, kansa ya bugi bakin kwalbati. Ya yi kwanaki a asibiti bai farfaɗo ba. An kama ɗaya daga cikinsu, ɗayan har yau babu labarinsa, shari'ar ma ba a gama ba.

To, 'yarmu ta fari tana karatun digirin digirgir a jami'a, a fannin nazarin laifuka da zamantakewar jama'a. Tun kafin rasuwar ta fara. Mahaifinta Donme yake kiranta, saboda tun tana tatata ba a gaya mata abu ba ta ce don me ba. Sunan ya bi ta har yau. Na sha tambayarta, to in kin gama me za ki zama? Ta ce ba 'yar sanda ba, ba lauya ba, ba kuma likita ba ko da za a kira ta Dakta. Baffanta, ƙanen mahaifinta, duk zuwan da zai yi sai ya miƙe mata ƙafa ya ce Dakta a duba masa gwiwar nan, ita kuma ta ce sai dai in gwiwar ta yi sata.

Da na matsa mata ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce ita ba wanda ya yi laifi take nema ba. Tana son ta san abin da ke samun titi da mutanensa bayan an yi laifin: wa ya fara rufe shago da wuri, wa ya sa ƙofar ƙarfe, wa ya daina tsayawa a gaisa, su kuma iyalan da abin ya faɗa wa yaya suke kwana suke tashi. Tana zuwa gidajen mutane ta zauna da su. Tana zuwa har gidan yari ta zauna da samarin da aka ɗaure.

Bayan rasuwar ta ajiye komai. Farfesar da ke duba aikinta, wata dattijuwa mai kirki, ta ce ta huta, karatu ba ya gudu. Da ta koma kan aikin sai na tsinci kaina ina jawo kujera kusa da teburinta in na gama aikin gida. Takan sa abin ji a kunne tana sauraren muryoyin da ta ɗauka, tana bugawa a kwamfuta. Kalma ɗaya sai ta maida murya baya ta sake ji, ta sake. Wata rana na ga ta daɗe a wuri guda, na ce lafiya? Ta ce tana so ta tabbatar ne, dariya matar da ke magana ta yi a nan ko ajiyar zuciya. Anti, sai na ga mahaifinta sak. Irin sunkuyon nan, da riƙe numfashi a kan abin da wani ba zai ko gani ba. Daga ranar aikin ya shiga raina. Ban san akwai mutanen da sana'arsu sauraro ba ce.

Ni da kaina na ce mata, kowa ana tambayarsa, ni da abin ya faru a gidana ba za a tambaye ni ba? Ta ce ƙa'ida ba ta yarda ta yi wa mahaifiyarta tambayoyi ba. Na nace. Daga baya Farfesa ta amince wata abokiyar karatunta ta zo ta yi hirar. Yarinyar ta zo, ta zauna a falona, ta ɗora waya a kan tebur. Kafin mu fara ta yi mini bayani mai tsawo cewa za a canza suna da wasu abubuwa don a sakaya mu. Na ce to. Ni na ɗauka sunana kawai ake nufi, kuma me zan yi da sunana a littafi?

Na yi magana har maƙogwarona ya bushe. Tun da aka yi rasuwar kowa tambayarsa ɗaya, yaya abin ya faru. Ita ce ta fara tambayata me ya canza. Na gaya mata mai aski yanzu rana ba ta faɗuwa yana shago. Na gaya mata masu agogunan da aka sace sun zo mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ko ambaci agogonsa, sai dai in ga farin shatin maɗauri a wuyan hannunsu. Na gaya mata na kwaso agogunan bangon shagon na rataye a ɗakina, wasu na batir, wasu sai an wana su da ɗan makulli, ni kuwa ban iya ko ɗaya ba. Suna ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tsaya, ɗakin sai ya ƙara shiru, in ji kamar an sake yi mini rasuwar. Yanzu saura ƙalilan ke motsi.

Makon jiya Donme ta ce in zauna ta karanta mini wurin da aka sa maganata, tana fassara mini da Hausa. Komai nawa yana nan. Har inda na kasa magana an rubuta cewa ta yi shiru. Amma mijina, Anti, sun mai da shi tela. Jakar ta zama ta ɗinkunan mutane. Agogunan ɗakina sun zama keken ɗinki guda ɗaya da aka lulluɓe da zane.

Dariya na fara yi. Mutumin da zai ɗauki sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba ya zaunar da shi a mazauninsa, amma bai taɓa ɗinka maɓalli ba a rayuwarsa. Ya taɓa liƙe aljihun rigarsa da gam ɗin gilashin agogo, rigar ta sandare sai da na yanke wurin da almakashi. Shi ne tela! Ina cikin dariyar ban san sa'ad da ta koma kuka ba. Ba telan ne ya fi yi mini ciwo ba. Keken nan ne. Keke sau ɗaya yake yin shiru. Nawa shirun a hankali yake zuwa, shi na gaya wa yarinyar, shi ne kuma babu.

Donme ta riƙe hannuna ta yi mini bayani. Ta ce a duk yankin mahaifinta kaɗai ne mai gyaran agogo, ko ba suna kowa zai gane. Teloli kuwa suna da yawa. Ta ce ɗayan yaron ba a kama shi ba, kuma a cikin hirar na faɗi abin da wani maƙwabci ya gani da idonsa. Ta ce ina da iko in janye maganata gaba ɗaya kafin ta miƙa kundin a ƙarshen watan nan, kuma ba za ta ji haushi ba. Amma na ji ta tana gaya wa ƙawarta a waya cewa Farfesa ta ce babin da maganata ke ciki shi ke riƙe da aikin.

Baffanta da ya ji ya ce a janye, yau ba gobe ba. Ya ce an kashe masa yaya a titi, yanzu kuma za a shafe shi a takarda, a rufe shi da mayafi ɗaya da ɓarayi, tunda su ma an ɓoye sunayensu. Ya ce in dai canza wa mutane sana'a ne karatun, shi a mai da shi matuƙin jirgin sama, ko ya huta da ciwon gwiwa. Mun yi dariya, amma na ga idonsa ya kawo ruwa.

Ni kuma ga abin da ya hana ni yanke magana. Tambayoyi ne suka cika mini kai. In an canza suna, an canza sana'a, an canza kaya, me ya rage da za a kira gaskiya? Su malaman ta yaya suke sanin ba a ɗaki ta zauna ta ƙirƙiro mutanen ba? Su kuma samarin nan na gidan yari, me take tambayarsu? Na taɓa tambayarta me suke cewa, ta ce ba za ta iya gaya mini ba, sai dai yawancinsu maganar iyayensu mata suke yi. Tun ranar nake tunanin uwar wanda aka kama. Ko ita ma ɗakinta ya yi shiru? Ina jin kunyar wannan tunanin. Ya kamata macen da aka raba da mijinta ta riƙa son sanin irin wannan? Wani lokaci sai in ga kamar cin amanarsa nake yi.

Tun ranar karatun nan ni da Donme kamar baƙi muke a gida ɗaya. Sannu Mama, sannu Donme, kowa yana lallaɓa kowa. Ba ta sake ta da maganar ba, ni ma haka, wata kuma yana ta tafiya. In na janye, na karya mata aikin shekaru. In na bari, mijina zai zauna a ɗakin karatun jami'a har abada yana taka keke. In janye ko in bari?

Kada ki sa sunana. Amma don girman Allah ke ma kada ki mai da shi tela.

Matar mai agogo

AMSA

Maman Donme, Allah ya jiƙan maigidanki da rahama, ya ba ki haƙuri ke da yaranki. Na bar masa agogunansa kamar yadda kika roƙa. Amma na cire sunan gari da na titi da kika rubuta, na kuma cire layin da ya nuna wane maƙwabci ne ya ga abin. Kin ga ni ma na taɓa wasiƙarki.

Bari in fara da babbar tambayarki. Kin ɓoye sunanki, na ɓoye garinki, duk da haka babu wanda zai karanta wasiƙar nan ya ce ƙarya ce. Me ya sa? Saboda gaskiyarta ba a cikin sunan take ba. Tana cikin farin shatin nan na wuyan hannu da mai askin da ke rufewa kafin rana ta faɗi. Kotu ce ke buƙatar suna, don ita wa ya yi take tambaya. 'Yarki tambayarta daban: yaya abin ke faruwa, me yake bari a bayansa. Wannan ana iya amsa shi ba tare da an nuna ƙofar gidan kowa ba.

Batun yadda malamai ke tabbatarwa, na tambayi wata malamar jami'a don kada in gaya miki abin da ban sani ba. Ta ce muryoyin da aka ɗauka ana adana su a kulle, mai duba aikin na iya saurara ta gwada da abin da aka rubuta, sannan a ƙarshe a kawo malamai daga waje su zaunar da ɗalibar su yi ta juya ta da tambayoyi. Wanda aka kama ya ƙirƙiro mutane, karatunsa da sunansa sun tafi tare. Canjin da ake yi kuwa a fili ake faɗa a cikin kundin cewa an yi shi, da dalilinsa.

Su samarin gidan yari, ɓoye sunansu ba karramawa ba ce. In ba a sakaya su ba, abin da suka gaya wa alƙali shi za su maimaita mata, ba za a koyi komai ba. Abin da za a koya daga bakinsu shi ne ake fatan zai sa wata rana wani mai shago ya isa gida da jakarsa. Son sanin da kike yi kuwa, har da tunanin uwar yaron, ba cin amana ba ne. Ba ki yafe wa kowa komai da shi ba, ba ki rage wa mijinki komai ba. Kina mamakin inda Donme ta samo don me? Ni na gano.

Yanzu ɓangarenki, kuma kina da gaskiya mai ƙarfi. Ana canza abu ne don a ɓoye mutum, ba don a ɓatar da abin da ya faɗa ba. Kin ce shirunki a hankali yake zuwa, keken ɗinki kuwa sau ɗaya yake tsayawa. To an rasa ma'anar. Wannan ba ƙorafin mai makoki kawai ba ne, gyara ne a aikin, kuma duk mai bincike na gari zai so a nuna masa. 'Yar da ke maida murya baya don ta bambance dariya da ajiyar zuciya ba za ta ƙi jin wannan ba. Amma ba ki gaya mata ba. Kin yi dariya, kin yi kuka, ta ɗauka telan ne kawai.

Inda zan tsaya tare da ita shi ne sunansa na gaskiya da sana'arsa ta gaskiya a cikin babin. Wannan kam a'a. Ba sirrinki ke kaɗai ba ne a ciki. Akwai maƙwabcin da ya gani, ga wanda ake nema yana yawo, ga shari'a ba ta ƙare ba. Baffa yana magana ne da zafin rashin ɗan'uwa, a saurare shi da girmamawa, amma ba shi zai buɗe shago a titin nan gobe da safe ba.

Ga abin da za ki yi. Yau ɗin nan ki nuna wa Donme wannan shafin, kada ta ji a bakin wani. Tunda maganar tela ta fito a jarida, dole ma a sake masa sana'a, don rufin ya yaye. Ku zauna ku biyu ku zaɓa, sannan ta kai wa Farfesa ta duba. Ku nemi sana'ar da ta dace da hannunsa, wadda kayanta za su iya mutuwa ɗaya bayan ɗaya a cikin ɗaki. Ba zan ba da misali a nan ba, ku ma kada ku gaya wa kowa, har ni.

In kun zauna, ki tambaye ta wa ya zaɓi telan. Ban sani ba, zato nake. Amma yarinyar da ta sa muryar mahaifiyarta a kunne tana bugawa kalma bayan kalma, wataƙila ta nemi sana'ar da ta fi nisa da mahaifinta ne don yatsunta su iya ci gaba. Kafin ta zama mai bincike, marainiya ce. Ke kina lallaɓa ta don karatunta, ita tana lallaɓa ki don makokinki, an rasa wanda zai fara magana. Ke ce uwa, ki fara.

In bayan duk wannan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki janye. Haƙƙinki ne, ba alfarma ba. Aikin shekaru ba ya rushewa don an cire murya ɗaya, zai yi mata wuya ne kawai, za ta kuma gyara. Sai dai ki yanke da wuri, kada ki bari sai ana gobe miƙawa.

Saura maganar shafe shi a takarda. Ki ce ta nuna miki bangon kundin. Sunanta za a rubuta a kai, sunan wa ke biye da nata? Akwai kuma shafi a farko da ake sadaukar da aiki ga wanda aka ga dama, babu ƙa'idar da ta hana ta sa mahaifinta a can. Shi ya sa ma dole a rufe na ciki da kyau, don na waje a buɗe yake. Duk wanda zai kira ta Dakta nan gaba sai ya ambaci mijinki. Ki gaya wa Baffa wannan.

Abu na ƙarshe, agogunan nan. 'Yar da ta tashi a shagon tana tambayar don me, da wuya a ce ba ta san inda ake sa ɗan makulli ba. Ki sauko da guda ɗaya daga bango, wanda ya fi so, ki kai mata teburinta ki ce ta koya miki. Tana da aikin da za ta miƙa ƙarshen wata, tana buƙatar agogo mai tafiya.

Allah ya sa ta gama lafiya, ya nuna miki ranar da idonki, ya sanyaya miki zuciya.

Anti